Kason Mrika

A Lisna, ƙauyenmu da ke tsakanin bakin tafki da gindin duwatsu, can arewa da birnin Shkodra, a da idan aka haifi namiji bindiga ake harbawa sama. Idan kuwa mace ce, sai a tura ƙofa a ɗora kofi a sha shiru. Ranar da aka haifi Mrika kofi aka sha. Ita ce ta fari a gidan Zef da Tereze, kuma ta daɗe ita kaɗai, don biyun da suka biyo ta ba su zauna ba. Sai da ta isa aike sannan aka sami Marash. A lokacin gwamnati ta kwashe bindigogin mutane, sai Zef ya sami tsohuwar garwa a tsakar gida ya yi ta dukanta da guduma har maƙwabta suka fito. Mrika na bakin ƙofa tana tsalle, don a ganinta ita aka haifa wa yaron.

Kusan hakan ne ma. Uwarsu kullum tana gandun gwamnati tana tsinkar taba daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, saboda haka Mrika ce ke jijjiga gadon jaririn, ita ke jiƙa masa burodin masara a madara, ita ta koya masa tafiya. Da ya shiga makaranta, duk wanda ya taɓa shi da ita zai gamu. Har ya yi gemu bai iya kiran sunanta ba, sai dai Yaya.

Ta tashi doguwa, mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai an tuna. Akwai wani Ndue, direban tarakta a gandu, da ya nemi aurenta, ita ma tana so. An riga an sha barasar baiko ana shirin biki, sai Tereze ta yanke jiki ta faɗi a gona, ɓarin jikinta ya shanye. Ba wanda ya ce wa Mrika kada ta yi aure. Zef dai ya zauna a bakin murhu ya riƙe kai, yana tambayar wuta wa zai juya masa matarsa, wa zai wanke ta. Mrika ta aika wa Ndue ya ƙara haƙuri. Ya yi haƙurin kaka biyu, a ta uku ya auri wata daga ƙauyen gaba. Ba ta taɓa zaginsa ba. Takan ce ba a jiran abin da ba a sa wa rana ba.

Shekarar da mulkin kwaminisanci ya faɗi aka watsa gandu, aka raba wa mutane ƙasa. Da kawuna aka yi rabon. Kowane gida a ƙirga mutanen cikinsa, babba da yaro, mace da namiji, kowa da kasonsa. Gidan Zef kai huɗu ne, aka ba su kaso huɗu a haɗe, aka rubuta takarda da sunan maigida kamar yadda aka yi wa kowa. Filin da ya faɗo musu na gefen tsohuwar hanya ne, duwatsu zalla, wanda ko akuya ta shiga sai ta fito tana tsaki. Zef ya duba ya ce maƙabarta aka ba shi. Marash ya duba ya ce shi Italiya za shi.

Ya tafi cikin ayarin samarin da suka cika jiragen ruwa a shekarar. Bayan wani lokaci ya dawo ya auri Liza, suka haifi 'ya mace, aka sa mata Ardita. Da za su koma ba su da takardun shiga, sai ta kwalekwalen roba mai inji, irin wanda ke kifewa da mutane a teku. Ba mai sa jaririya a ciki. Suka miƙa wa Mrika ita, wai kafin takardu su fito. Takardun ba su fito ba sai da yarinyar ta iya karatu da rubutu.

A faɗi gaskiya, Marash bai manta gida ba. Aikin gini yake yi, yana kwaɓa siminti, yana yankan dutse, yana kwana da 'yan ƙasarmu cunkushe a ɗaki guda. Shi ke aiko da kuɗin maganin uwarsu, shi ya sake rufin gidan, shi ya biya aka haƙa rijiya a filin aka sa mata inji. Amma hannun da ya tsince duwatsun nan na Mrika ne. Ta juya uwarta, ta ciyar da ita, ta goya Ardita ta nufi fili. Dutsen da ta iya ɗauka ta ɗauka, wanda ya fi ƙarfinta ta mirgina shi da sandar ƙarfe. Da su ta gina katangar da ta kewaye filin. Ta dasa inabi a gefen hanya inda rana ta fi zama, ta dasa rumman da ɓaure, can ciki kuma ta shuka sherbela, ganyen nan mai ƙamshi da 'yan kasuwa ke saye su kai ƙetare. Zef yana taimakawa gwargwadon ƙarfinsa, amma in baƙi suka yaba gonar a gabansa sai ya ce, “Ai ɗana yana ƙoƙari.” Mrika na gefe tana zuba musu kofi.

Ranar da Marash ya zo ɗaukar Ardita, yarinyar ta ƙanƙame zanin gwaggonta tana kuka, har sai da Mrika da kanta ta ɓamɓare yatsunta ta sa ta a mota. Ta koma gona ta yi ta sassabe har yamma. Tun daga lokacin ta fara tara wa yarinyar kayan ɗaki a akwatin katako, mayafan tebur masu ado da safunan ulu da ta saƙa da hannunta.

Tereze ta rasu bayan ta shekara fiye da ashirin a kwance. Ba a jima ba wasu matan Shkodra suka buɗe cibiya a garin da muke cin kasuwa, ɗaki biyu a saman kantin magani, da taimakon wata ƙungiyar mata daga Suwidin da wata daga Italiya. Mazan da ke zama a shagon kofi suka sa mata suna gidan raba aure. Mrika ba neman 'yanci ya kai ta ba. Ta ji an ce suna da injin busar da ganye, kuma suna haɗa mata da masu saye kai tsaye ba dillali. Ta hau benen da buhun sherbela a kai, ta ce a nuna mata injin.

A nan ta san Gunilla, wata dattijuwa 'yar Suwidin, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mai furfura da takalmin maza. Ta koyi harshenmu amma a karkace, ta ce wa namiji ke, ta ce wa mace kai, mata su yi ta dariya har da hawaye ita ma tana taya su. Da ita akwai Anila, lauya ce matashiya, 'yar Shkodra. Kowace ranar kasuwa, yayin da inji ke aikinsa, Anila kan zauna da mata ta yi musu bayanin abin da doka ta ce a kan gado da gida da gona. Mrika tana ji da kunne ɗaya, hannunta na tsince ganye. Wata rana Gunilla ta ba su labarin kakarta, wadda ta yi wa ɗan'uwanta bauta a gona har ta mutu ba ta mallaki ko kaza ba. Mrika ta ɗago ta dube ta.

“A can ma?”

“A can ma, ɗan'uwana,” in ji Gunilla. “Mu ma ba da 'yancin aka haife mu ba. Faɗa aka yi.”

“'Yar'uwa ake cewa,” in ji Mrika, ta ci gaba da tsintarta.

Zef ya rasu cikin sanyin wata shekara. Kafin ya cika ya kama hannun Marash ya ce kada ya bar 'yar'uwarsa a titi. Kowa a ɗakin ya ga ya yi mata gata, don a wajenmu abin da 'ya mace ke da shi a gidan ubanta ke nan: ɗakin kwana da abin da za ta ci, muddin ɗan'uwanta ya ga dama.

A lokacin an shimfiɗa sabuwar kwalta ta bi ta gefen filin, ƙasar da ake raina ta yi daraja. Da aka share makoki, Marash ya zo da wani mutum mai babbar mota, suka zaga gonar, mutumin yana nuna inda zai kafa gidan mai da inda zai gina zauren biki, daidai kan inabin. Da yamma Marash ya yi wa yayarsa bayani cikin daɗin rai. Ya ce ta huta haka nan, zai bar mata gidan ta zauna, zai riƙa aiko mata duk wata. Abin da ya rage kawai ta raka shi wajen mai hatimi, inda ake tabbatar da takardun ƙasa, ta sa hannu cewa ta yafe kasonta, kamar yadda kowace 'ya mace ke yi. Ta ce to. Da gaske kuma ta faɗa, don ba ta san wata amsa ba.

Mai hatimin mace ce, tana cikin waɗanda aka tara aka horar a kan irin wannan sa hannun. Ta karanta takardar, sannan ta roƙi Marash ya ɗan jira a waje. Ta tambayi Mrika ko ta san cewa rabin filin nata ne, kasonta na rabon farko da rabin na iyayenta, kuma in ta sa hannu ba dawowa. Mrika ta riƙe alƙalamin ta daɗe tana kallonsa. Ba maganar Anila ce ta zo mata ba, ba ta Gunilla ba. Wani dutse ta tuna, ƙato, a kusurwar gabas, da ta kwana uku tana fama da shi har farcenta ya cire. Ta ajiye alƙalamin ta ce za ta je ta yi tunani.

A kan matakala Marash ya tsaya yana dubanta kamar bai santa ba.

“Yaya, me na yi miki?”

“Ba ka yi mini komai ba.”

“To wa ya zuga ki? Tsohuwar nan mai takalmin maza? Ita za ta binne ki in kin mutu?”

“Ka sayar da naka, Marash. Ka bar mini inda na dasa.”

“Inda kika dasa shi ne bakin hanya. Wa zai sayi baya ya bar gaba? Rijiyar da kike shayar da su, da gumin wa aka haƙa ta?”

Ta san gaskiya ya faɗa. Suka koma gida a mota ɗaya.

Kashegari baffansu Prel ya zo, ya zauna a kujerar marigayi, ya sha kofi, sannan ya buɗe baki. Ya ce ƙasa jini take bi, ba ta bin nono. Ya ce tun kaka da kakanni ba a taɓa jin 'yar gidansu ta tsaya da ɗan'uwanta a gaban hukuma ba. Ya ce ba ta da ɗa ba ta da jika, in ta riƙe gonar wa za ta bar wa? Mrika ta bari ya gama, ta tambaye shi ko ita ba jinin Zef ba ce. Ta ce ranar da aka zo rabo an ƙirga kanta, ba a ce na mace rabin kai ne ba. Tsohon ya ɗauki hularsa ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ya fita.

Marash ne ya fara kai ƙara, yana neman a ba shi filin duka tunda shi ya kashe masa kuɗi. Anila ta tsaya wa Mrika. Ta ce mata shari'ar ba za ta daɗe ba, kuma ba ta yi ƙarya da gangan ba, ita ma haka ta zata. Aka yi ta ɗagawa. Yau alƙali ya canza, gobe takardun rabon farko sun ɓata a ofishin ƙasa, jibi an ce iyakar da ke rubuce ba ta dace da katanga ba. A ƙauye kuwa ba wanda ya zage ta a fuska. Kawai dai in ta shiga coci sai bencin da ta zauna ya yi faɗi. Matan da suka saba zuwa taya ta tsinkar inabi kowace ta sami uzuri. Wata ƙawarta tun ta ƙuruciya ta tare ta a bayan coci ta ce mata a hankali, “Kin yi daidai, amma kada ki ce na faɗa. Ni ma na sa hannu, kuma ina cin abinci a gidan 'yan'uwana.”

Ana cikin haka wa'adin tallafin cibiyar ya ƙare. Waɗanda ke bayarwa daga can suka ce sun karkata zuwa wata ƙasa da ake yaƙi. Aka sayar da kujeru, aka mayar da makulli ga mai kantin magani. Gunilla ta zo har gona yin sallama, tana kuka tana neman gafara da karkataccen harshenta, wai sun tura mutane cikin kogi sun janye igiya. Mrika ta cika mata jaka da rumman ta ce ba wanda ya tura ta, da ƙafarta ta shiga. Bayan motar ta tafi ta zauna a kan katanga, a ranar kam ta ji cewa ita kaɗai ce a duniya.

Amma igiyar ba ta tsinke duka ba. Anila ta mayar da ofishinta ɗakin girkin uwarta. Gunilla, daga can, ta haɗa ta da wasu ƙungiyoyin mata a Bosniya da Makedoniya masu fama da irin wannan shari'a. Su suka turo wata tsohuwar lauya ta zauna da Anila suka sake tsara ƙarar, su suka yi karo-karo aka ɗauko mai awon ƙasa. Da suka shirya taro a Sarayebo, babban birnin Bosniya, suka gayyaci Mrika. Ba ta taɓa fita ƙasar ba. Ta bar wa wani maƙwabci awakinta, ta sa baƙar rigar makokin ubanta ta hau bas.

A taron aka zaunar da ita kusa da wata Munevera, Musulma daga wani ƙauyen Bosniya, wadda dangin mijinta suka fitar da ita daga gidan da ta gina da shi tun ba a yi arba'in ɗinsa ba. Ba mai jin harshen wata. Munevera ta kamo hannun Mrika ta juya tafin, ta ajiye nata a gefe, suka dubi kantar da tsagar, sai suka fashe da dariya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kwanakin taron tare suke cin abinci, kowace na surutu da harshenta, ɗayar na gyaɗa kai. Da aka ba Mrika abin magana, an zaci za ta yi godiya ta zauna. Ta yi godiyar, sannan ta ce wa tafinta ya faɗa musu daidai: dokar da suke koya wa mata gaskiya ce, amma su riƙa faɗa wa mace tun farko cewa ranar da ta san haƙƙinta, a ranar za ta fara cin abinci ita kaɗai. Ta ce kuma in sun fara rakiya su kai mutum ƙofa. Wata mai rubutu a gaba ta ajiye alƙalaminta.

Bikin Ardita ya zo ana tsakiyar shari'a. A Shkodra aka yi shi, lokacin zafi, da 'yan ƙetare ke dawowa hutu. Ana saura 'yan kwanaki yarinyar ta kira Mrika a waya.

“Gwaggo, Baba ya ce in kin zo shi ba zai zo ba.”

“To ai uba ba ya rashin bikin 'yarsa. Ki sha bikinki, uwata.”

Ta aika akwatin kayan ɗakin ta hannun direban bas. Liza ta mayar da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ranar bikin jerin motocin amarya suka bi ta sabuwar kwalta suna ta hon, da ƙyallaye a jikin madubai. Mrika na cikin inabi, ta durƙusa a bayan ganye don kada a gan ta a ce ta fito roƙon gayya. Ta hango farin mayafi ta gilashi, shi ke nan abin da ta gani na auren 'yar da ta goya.

Daga baya kotu ta yanke hukunci. Aka raba filin biyu, aka ba Mrika ɓangaren inabi da rabin bakin hanya, rijiya kuma ta zama ta su duka. Anila ta rungume ta a harabar kotu. Matan Bosniya suka kira suna guɗa a waya. Mai babbar mota kuwa ya riga ya sayi wani fili a gaba ya gina zaurensa, ba wanda ya sake taya na Marash da daraja. Mrika ta koma gida da takarda mai sunanta, karo na farko a rayuwarta. Ta sa ta a ƙarƙashin katifa, ta fita ta ba awaki ruwa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ta yi ta aika wa ƙanenta gaisuwa ta bakin masu tafiya, ba amsa. Abin da ba ta sani ba, kuma ba wanda ya gaya mata, shi ne tun kafin rasuwar ubansu likita ya ce wa Marash ƙurar dutse ta cinye masa huhu, ya bar aikin gini. Da kuɗin filin ya yi niyyar ajiye aikin. Bai faɗa wa yayarsa ba, don a ganinsa namiji ba ya roƙo da ciwo, kuma abin da yake nasa ne ba sai ya ba da dalili ba. Da cinikin ya watse ya ci gaba da hawa gini yana tari, har ranar da ya kasa tashi.

A akwati aka dawo da shi. A wajenmu 'yar'uwa ce ke buɗe kukan mamaci, ita ke jero halayensa da murya sauran mata na amsawa. Mrika ta zo ta tsaya a bakin ƙofar gidan surukansa inda aka ajiye shi, Liza ta miƙe ta tare hanya. Sai baffa Prel, wanda a lokacin da ƙyar yake tsayuwa, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a ba ta hanya, wa zai yi wa Marash kuka in ba wadda ta raine shi ba. Ta durƙusa a kan akwatin. Ba ta ambaci gona ba, ba ta ambaci kotu ba. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana jariri, ta tambaye shi wa ya wanke masa riga a baƙuwar ƙasa, wa ya riƙe masa kai da yana tari, don me ya ɓoye wa yayarsa ciwo alhali ko ƙaya ya taka yana yaro wajenta yake kawo ƙafa. Matan da suka shekara suna kauce mata a coci suka amsa mata, har Liza.

A wajen makokin ne Ardita ta gaya mata maganar likitan. Mrika ta ce da ta sani da ta sa hannu tun a ranar farko. Ardita, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Italiya, ta ce ko an sayar da filin huhun ba zai dawo ba, sai dai da ya mutu a kan gado maimakon a wajen aiki. Ta ce ba ta ɗora wa gwaggonta laifi ba, ba ta kuma ɗora wa ubanta ba, ta gaji da neman mai laifi.

Kafin Ardita ta koma ta zo gona da wata magana. Kason Marash yanzu na 'ya'yansa ne, ita da ƙanenta Kristian da aka haifa a can. Ta ce ta yanke shawara za ta bar masa nata. Mrika ta ajiye almakashin da ke hannunta ta ce mata ta san dai doka ta ba ta.

“Na sani, Gwaggo. Ai a kanki na koya. Amma ni ina da albashi, ina da gida da sunana a jiki tare da na mijina. Ƙane kuma ɗaya gare ni. Na ga abin da ya ci miki.”

Mrika ta so ta yi gardama, ta duba ta ga ba ta da bakin yi. Ta ce mata aƙalla ita da idonta a buɗe za ta bayar, ba a rufe ba. Ta raka ta gari wajen mai hatimi, ta jira ta a ƙasan bene riƙe da jakarta, da ta fito suka shiga shago suka sha kofi, Ardita na ba ta labarin ɗanta da ya fara tafiya.

Cibiyar ta sake buɗewa bayan wasu shekaru, wannan karon ƙaramar hukuma ce ta ba da ɗaki, ƙungiyoyin ƙetare suka ɗauki albashin lauya. Gunilla ba ta gani ba, ta rasu a ƙasarsu, 'yarta ce ta kira Anila ta faɗa. Ranar kasuwa Mrika kan hau benen a hankali tana dafa bango, ta zauna a kusurwa. In mace ta zo da maganar gado, Anila ta gama nata bayanin, sai ta ce ta je ta zauna da Gwaggo Mrika. Ita kuwa ba ta zuga kowa, ba ta hana kowa. Takan faɗi abin da ta samu da abin da ta rasa, ta ce kowace ta auna da ma'auninta. Wasu su yafe, wasu su tsaya. Waɗanda suka tsaya yanzu ba su kaɗai suke shiga kotu ba, don takan sa a yi musu rakiya, in ƙafarta ta yarda ta je da kanta. A Lisna an fara samun gidajen da uba ke raba wa 'ya'yansa tun yana da rai, mace da namiji, wai don kada a yi irin ta gidan Zef. Ba yabo ba ne in sun faɗa, ita ma ta sani.

Kason Marash yana nan ƙaya ta rufe shi. Kristian bai taɓa zuwa ya gani ba, ko harshenmu ba ya ji sosai. A kakar bara gwiwoyin Mrika suka ƙi, inabi ya nuna ba mai tsinka. Sai ga ƙaramar bas ta tsaya a bakin hanya, matan cibiya suka sauko da kwanduna, har da biyu daga cikin ƙauyen. Aka fito mata da kujera aka ajiye a inuwar ɓaure. Ta wuni a zaune tana yi musu faɗa, wai suna tsinka kamar masu fizgar gashin kishiyar uwa, su bi a hankali kada su raunata reshe. Da rana ta yi, ta sa aka shiga ɗaki aka ɗauko burodi da cuku, suka zauna a ƙasa suka ci.